Inda Fenti Ya Tsaya

Ran Talata muka kwashe falo zuwa tsakar gida:
kujerun kushin uku, ɗaya gurguwa,
bulo ne ƙafarta tun ina aji biyu;
teburin da kofin shayi ya yi wa zobba,
da ledar ƙasa wadda furanninta suka goge
daga bakin ƙofa zuwa inda ake ajiye buta.

Yaya Hansatu ta turo hotuna ta waya, goma sha ɗaya.
Ta ce yanzu ruwan toka ake yayi,
labule daga silin har ƙasa, kada ya ɗangale,
fitila a ɓoye cikin rufi kamar mai jin kunya,
bango kuma a bar shi ya sha iska.
Na ce to.
Kuɗinta ne, kuma ta fi ni shiga gidaje.

Buba mai fenti ya iso Bolari da hantsi,
bokiti biyu a bayan babur, tsani na aro.
Ya ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana,
ya ce damina ta ci nan, gishiri ya ci can,
sai an kankare kafin a shafa,
in ba haka ba, hoda ce a kan ƙazuwa.

Muka sauke kalandar da ta girmi autanmu,
da agogon da ya tsaya a huɗu saura,
da hoton Ka'aba mai ƙyalli.
Kowanne ya bar gurbinsa tas a baya.
Ashe bangon nan shuɗi ne mai haske,
mu muka dafa shi da hayaƙi da shekaru.

Sai can gefen taga, kamu biyu daga ƙasa,
wani tabo mai maiƙo, faɗin tafin hannu.
Buba ya ɗaga ƙarfensa.
Na ce tsaya.

Nan Baffa ke jingina ƙeya bayan isha'i,
hula a gwiwa, rediyo a kunne,
yana musu da mai karanta labarai
kan kuɗin taki da farashin wake.
Shekara talatin ƙeya ɗaya
tana sa hannu a wuri ɗaya.
Bara, da azumi, ta daina.

Buba bai tambaye ni komai ba.
Ya ce shi ma, a Kumo, akwai wata ƙusa
a ɗakin tsohuwarsa da ba ya cirewa.
Ya ajiye babban burushi, ya ɗauki ƙarami,
ya zagaye tabon a hankali
kamar mai sa wa jinjiri kwalli.

Kwana huɗu falo ya zama baƙo.
Labule ruwan madara ya sauko har ƙasa,
kujeru sun sami sabuwar riga,
gurguwar ma kafinta ya yi mata ƙafa.
Randar Inna na wanke, na tsayar a kusurwa
da zangarniyar gero bakwai a bakinta.
A kan tabon na kafa ƙusa,
na rataya faifai mai ja da baƙi
da Inna ta zo da shi daga Dukku.

Maƙwabta suka shigo ganin aiki,
suna taka kafet da gefen ƙafa.
Yaya Hansatu ta leƙo ta waya, ta yi guɗa,
sannan ta ce faifan nan ya yi ƙasa,
ado daidai ido ake sa shi,
a ɗaga.
Na ce to.

Ban ɗaga ba.

In dare ya yi, masu hira sun watse,
ƙamshin fenti na kokawa da turaren wuta,
nakan sauke faifan, in zauna a ƙasa,
in jingina.
Ƙeyata ba ta kai wurin ba.
Saura yatsa uku.